MAƘWABCIN KUSA DA ABOKIN NESA: INA MATSAYIN MUTUMIN HORO BIRNI?

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu

 



Da shugabannin ƙungiya suka umurce mu da mu ce wani abu a kan ƙawancen da gwamnati ke ƙullawa da ƙasashen waje ta fuskar tsaro, ciniki da bincike, sai muka ji wani ɗan'uwa yana cewa wannan ai maganar Abuja ce, ina ruwan manomin gero da ita? Amsar wannan tambaya ita ce duk abin da muka zo da shi yau.

Lokacin da muka fara riƙon alli, mukan sa ɗalibai su haddace sunayen ƙasashe 16 na ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975. Muritaniya ta fice a 2000, suka koma 15. A watan Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa, saura 12. Ga ɗalibi, hadda ta yi sauƙi. Ga ɗan Sakkwato kuwa, gida ne ya tsage.

TUSHENMU

Mun ce gida, domin dangantakarmu da Nijar ta girmi gwamnatocin ƙasashen biyu. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a Maratta a 1754, garin da a yau yake cikin Jamhuriyar Nijar. Ya zauna a Sifawa, nan kusa da mu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Iyakar da ta raba Illela da Birnin Ƙonni, Ingila da Faransa suka shata ta a farkon ƙarnin da ya wuce, ba tare da sun shawarci kowa daga cikin kakanninmu ba. Ko ruwa bai yarda da ita ba: Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, sa'an nan ya dawo ya zuba cikin Rima.

Hulɗa da baƙon nesa ma ba sabon abu ba ce a wurinmu. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi Baturen Ingila, Kilafatan, a Sakkwato, ya tattauna da shi a kan ciniki, har ya ba shi wasiƙa zuwa ga sarkin ƙasarsu. Ya karɓe shi da mutunci, ya kuma yi magana da shi a matsayin mai gida. Mu riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Haka nan ɗanmu, marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983. A zamaninsa shugabannin Afirka suka taru a Legas a 1980 suka tsara shirin dogaro da kai ta fuskar tattalin arziki. A 1981 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Firitawun a kan yarjejeniyar taimakon juna wajen tsaro, a shekarar kuma sojojin Nijeriya suka shiga Chadi aikin kiyaye zaman lafiya.

CINIKI

Tun 1971 Nijeriya da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Shanu da raƙuma da wake suna gangarowa kasuwar Illela, hatsi da kayan masana'antu suna haurawa. Wutar lantarki tana tafiya Yamai ta Birnin Kebbi, ruwan da ke juya injinan Kainji kuwa ta cikin Nijar yake biyowa. Wannan shi ne cuɗe ni in cuɗe ka.

Amfanin abu ba a cika saninsa ba sai ranar da aka rasa shi. An rufe iyakokinmu na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka sake rufewa, aka yanke wuta, har aka yi maganar tura soja. Motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa ta ruɓe, direba da ɗan dako da mai tuwon tasha suka zauna hannu rabbana. Mai alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, yana cikin tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da ta je Yamai neman sulhu a watan Agustan wannan shekara. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumi, a Maris aka buɗe iyaka daga ɓangarenmu. Masu sa hannu a takarda ba su kwana da yunwa ba. Talakan ɓangarorin biyu ne ya biya.

TSARO

Nan ne zuciya ta fi nauyi. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jihohi 7 na Nijeriya ne suke da iyaka da Nijar, kuma babu wata runduna guda da za ta iya tsare wannan daji ita kaɗai. A Nuwambar 2024 hedikwatar tsaro ta bayyana wa duniya 'yan ta'addar Lakurawa da ke addabar yankin Tangaza da Gudu, ta kuma danganta ƙarfin da suka yi da raunin sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulki. A Maris ɗin 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Ɓarawo ya san in ya tsallaka iyaka, mai binsa zai tsaya.

Ga kuma abokin nesa. A 2021 Nijeriya ta karɓi jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da ta saya daga Amurka. A daren 25 ga Disambar 2025 Amurka ta kai hari da makamai masu linzami a Jihar Sakkwato, gwamnatin tarayya ta ce da saninta da haɗin kanta aka yi, kuma maɓoyar 'yan ta'adda a yankin Tangaza aka nufa. Amma ɓaraguzan makamin sun faɗo a Jabo, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, maƙwabtanmu na jini. Ga amsar ɗan'uwan da ya ce maganar Abuja ce.

Ba mu ce a ƙi taimako ba. Wanda aka kora daga gonarsa, aka kaɗa shanunsa, ba ya tambayar asalin wanda ya cece shi. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haƙƙinmu ne mu san sharuɗɗan da aka amince da su, da wanda ke zaɓen inda za a jefa makami, da wanda zai ɗauki alhaki in an taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. A karɓi baƙo kamar yadda Sarkin Musulmi Bello ya karɓa, mai gida na nan a matsayinsa na mai gida. Abokin nesa yana iya ba da jirgi, amma maƙwabci ne kaɗai zai gaya maka wanda ya ratsa ta bayan dangarka da dare.

BINCIKE

Wannan fanni ba ya da ƙara, amma ya fi daɗewa. Dattawa suna tuna yadda ciwon bushiya ke share garke. Allurar haɗin gwiwa da aka fara a 1962 tsakanin Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru tana cikin matakan da suka kai ga shelar kawar da cutar daga duniya a 2011. Sabuwar allurar sanƙarau da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 ta iso mana a 2011. A 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan'inna ta asali. Geron SOSAT mai saurin nuna, wanda manomanmu suka sani, daga binciken da aka yi a Mali tare da cibiyar ICRISAT ya fito. Cuta da fari ba su riƙe fasfo, maganinsu ma bai kamata ya tsaya a shinge ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan uwa mazauna birane, ku ne idonmu da kunnenmu, don haka muna roƙon abubuwa huɗu.

Na farko, ku tantance labari kafin ku tura shi gida ta waya. Jita-jita guda tana iya tayar da ƙauye cikin dare.

Na biyu, ƙungiya ta rubuta wa wakilanmu na majalisar jiha da ta tarayya, ta nemi bayani a kan kariyar farar hula da diyya a duk wata yarjejeniyar tsaro, cikin ladabi, amma a rubuce.

Na uku, ma'aikatanmu da ke jami'o'i da ma'aikatun gona da na lafiya su kawo mana ingantaccen iri da malaman gona kafin faɗuwar damina, ba bayan an yi shuka ba.

Na huɗu, mu riƙe yaranmu a makaranta, mu ƙarfafa masu sha'awar Faransanci. Yaron da ke aji ba ya sauraron mai yaudara da kuɗi da babur, gobe kuma shi zai zauna a teburin sulhu a madadinmu.

Gwamnatoci suna ɓatawa suna shiryawa, amma ba wanda zai ɗauke Birnin Ƙonni daga inda Allah Ya ajiye ta. Zumunta a ƙafa take; kada mu bari ta mutu a hannunmu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya ba shugabanninmu mashawarta nagari, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gafarce mu.