Shara Iri Biyu Ce

Yau ku ajiye fensir tukuna, za mu yi magana a kan shara.

Kowa cikinku ya san juji. Kakanninmu ba su ɗauke shi abin banza ba. Toka da kashin awaki da karmami da ƙaiƙayi, duk a tara bayan gida, in bazara ta yi a ɗora wa jaki mangala a kai gona. Wannan shara ce mai ruɓewa, ƙasa ta cinye ta, ta mayar mana da gero. Amma yanzu akwai wata iri wadda ƙasa ba ta ci, watau leda da roba da mataccen batir. In akuya ta haɗiye leda sai ta yi ta ramewa, mahauta sun sha ciro ta a tumbi.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2018 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutanen duniya suna zubar da shara wajen tan miliyan dubu biyu kowace shekara, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba a kawar da ita yadda ya kamata. A ƙasashe masu arziki ana kwashe kusan dukkanta da mota. A ƙasashenmu na Afirka, kudu da hamada, abin da ake kwashewa bai kai rabi ba. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

To, amma mu mutanen Anka da Bukkuyum, sharar da ta fi yi mana ɓarna ba ta da wari, ba a kuwa ganinta a juji. Ƙura ce. Duwatsun zinariya da aka riƙa haƙowa a wannan yanki akwai dalma a cikinsu. Mutane suka riƙa kai su gida, a daka a turmi, a niƙa a injin hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yaro kuwa, kun sani, hannu ƙasa hannu baka. A 2010 yara suka yi ta suma da farfaɗiya a Dareta da Abare da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, har likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu. Waɗanda suka tsira, da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Ga abin da nake so ku lura da shi. Akwai magani mai fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani muddin yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta ba shi ciwon. Saboda haka sai da aka bi gida gida aka kankare saman ƙasa, aka kai wajen gari aka binne a manyan ramuka, aka zubo sabuwa. Ƙauyuka bakwai aka yi wa haka a 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka share ta, don kuɗin aikin sun makara. A ganina wannan jinkiri bai kyautu ba, gama yaran Bagega suna nan suna jiran magani duk tsawon lokacin.

Saboda haka, malamai, dutsen haƙa kada ya ƙetare ƙofar gida. A jiƙa shi da ruwa kafin a niƙa, can nesa da gari da rijiya. Wanda ya dawo daga aiki ya yi wanka, ya sake riga da takalmi kafin ya ɗauki ɗansa. Turmin da ya daka dutse kada ya sake ganin hatsi. Tsohon batirin mota ma dalma ce a cikinsa, kada a fasa shi a gida. Leda kuma a tsince ta daga juji kafin a kai taki gona.

Yanzu ku ɗauko fensir, kowa ya rubuta kalmar nan, dalma. Baƙaƙe uku ne da wasula biyu.