Kuɗin Bincike da Bakin Majiyyaci

Ba mu manta shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun zo da maganin da ke wanke gubar daga jini, suka riƙa rubuta yadda kowane yaro ya karɓe shi, har aka wallafa sakamakon a 2014. Aiki ya yi kyau.

To amma awon jini ba ya faɗin abin da uwa ta sha. Ta bar gero a gona, ta bar sauran 'ya'ya, tana ɗura wa yaro magani mai warin ƙibiritu yana tofarwa. Wa ya tambaye ta?

Tsara irin wannan tambaya ma aiki ne, kuma yana cin kuɗi: takardar neman yarda da Hausa, mace mai shiga gida ta ji ta bakin mata, kuɗin mota daga Kekun Waje zuwa asibitin tarayya na Gusau. Hukumar TETFund na da asusun bincike. Malaman jami'ar Gusau su nemi kasonsu, su fara da majiyyatan Tsafe da Bungudu.