Hayaƙin Salansa Da Ɗigon Mai: Abin Dubawa Kafin A Yi Lodi

  

Da aka ba kwamitin sufuri lokaci, wasu sun so mu tsaya a kan shingayen hanya da kuɗin duwan. Akwai masu yin wannan magana a bayanmu. Mu inji muka zaɓa, domin ko takardunka sun cika, ko ka sallami kowane jami'i, in mota ta kwanta tsakanin Ɗan Isa da Jibiya da albasa a bayanta, rana ce za ta yanke maka hukunci. Albasa ba ta jiran makanike ya iso daga Katsina. Kuma kowa ya san irin motocin da ke ɗaukar kayanmu: Marsandi 911, tsofaffin DAF, J5, Hiace, har da 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970. Da yawansu sun girmi direbobinsu.

Tsohon inji bai cika mutuwa kwatsam ba. Yakan yi makonni yana ba da labari ta salansa da kuma ƙasan da ya kwana a kai. Mai kaya ma zai iya karanta wannan labari, ba sai ya iya riƙe sifana ba. Amfanin karanta shi biyu ne: ka san motar da bai kamata ka ɗora mata dukiyarka ba, sannan in motar taka ce, ka san abin da za ka ce kafin wani ya ce maka "sai an sauke inji".

Lokacin dubawa shi ne da sassafe, inji a sanyaye, kafin kowa ya taɓa makulli. Ka tsaya a baya, ka ce direba ya tayar.

In hayaƙin shuɗi ne, mai ƙaurin mai irin na tsohon babur ɗin kabu-kabu, to man juye ne ke shiga inda wuta take. Amma ta ina yake shiga? Nan kuɗin yake. In ya fito a tashin farko kawai, bayan minti ɗaya ko biyu ya ɗauke, yawanci robobin bawul ne suka bushe, mai ya kwana yana tsiyaya zuwa kan fistan. Haka kuma in an gangaro tudu ƙafa ba ta kan totur, da aka taka sai ya yi bus sau ɗaya. Wannan aikin kan inji ne, mota za ta kai Kano ta dawo muddin ana kula da geji. In kuwa shuɗin ba ya ɗaukewa, yana ƙaruwa duk lokacin da mota ta ji nauyi, zargi ya koma kan ringi da silinda. Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Inji na aiki a silo, a buɗe murfin da ake zuba mai. Ɗan tururi ba komai ba ne a tsohon inji. In yana hura hayaƙi fuf-fuf kamar zugazugin maƙeri, har murfin ya kasa zama in an ɗora shi, to wuta na kuɓucewa ta gefen ringi zuwa ƙasa.

Ko a nan ma kada a yi gaggawa. Kafin a kwance ƙusa ɗaya, a duba ko an cika mai ya wuce layin sama na geji, domin yaran mota da yawa na ganin ƙari alheri ne. A tsofaffin manyan motoci masu matatar iska ta mai, irin 911, in an cika kwanon matatar fiye da ƙima, inji zai zuƙi man ya ƙona, ka rantse ringi ne. In mota na da tabo, a cire bututun da ke fita daga gare shi: in mai ya taru a ciki, kuma sandar farfelar na rawa da yawa in an taɓa, to tabo ne, ba fistan ba. Bayan duk wannan sai a nemi makaniken da ke da agogon auna matsin silinda. A injin fetur, in matsi ya yi ƙasa, aka zuba cokali ɗaya na mai ta ramin fulogi ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, a nemi bawul ko gasket. Ba a yi wa injin gazuwal wannan dabara, domin man zai iya kamawa. Makaniken da ya ce a sauke inji bai auna komai ba, ku yi masa godiya ku nemi wani.

Wani abu game da tabo da ya kamata kowane direban gazuwal ya sani. In ya fashe ya tura mai da yawa cikin inji, inji kan koma cin man juyensa, ya riƙa ƙara gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. Abin yi shi ne a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci ya shaƙe, ko a toshe bakin iska da faffaɗan katako. Kada a sa hannu, kada a sa tsumma, zai haɗiye.

Baƙin hayaƙi shi ne wanda muka fi sabawa da shi, har wasu direbobi na ɗaukarsa alamar ƙarfi. Gazuwal ne, ko gas kamar yadda 'yan uwanmu na Najeriya ke cewa, yake fita bai ƙone ba. Kuɗinka ne ke tashi sama. Ko mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. A ƙasarmu iskar ce farkon abin zargi. Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya a lokacin hunturu ya san abin da ƙura ke yi wa matata cikin 'yan kwanaki. In matata lafiya take, sai a je ga nozul, sai famfo, musamman in wani ya taɓa murɗa shi don mota ta ja lodin da ya fi ƙarfinta. Sai kuma man da ake sha a bakin hanya. Ba mu ce duk ɗan ruwa-ruwa ko ɗan bumburutu maha'inci ba ne, wasunsu 'ya'yanmu ne, amma man da ya kwana a jarka a buɗe yana tara ruwa da ƙasa, kuma nozul ba ya yafe wannan.

Baƙin hayaƙi ba ya tsayar da tafiya a ranar. Haɗarinsa yana cikin maganin da ake yi masa. Direba ya ga mota ta shaƙe, sai ya cire matatar ya jefa bayan kujera, ko a kai wurin mai faci a hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage. Mota ta buɗe, kowa ya ji daɗi. Daga ranar ƙura ke shiga kai tsaye tana goge silinda kamar sanfefa, bayan 'yan watanni baƙin ya koma shuɗi. Kuɗin matata da aka ƙi kashewa ya zama kuɗin ringi da fistan.

Farin hayaƙi kuma sai an bambance. Na sanyin asuba, wanda ke watsewa nan take, tururi ne kawai. A injin gazuwal akwai farin da ke sa ido hawaye, mai warin ɗanyen mai, galibi daga hita ko nozul ko saitin famfo. In inji ya yi zafi ya ɗauke, da sauƙi. A tsofaffin motocin fetur irin 504 akwai wani na dabam: man birki kan zube cikin tukunyar iskar birki, inji ya zuƙe shi ya fitar da fari. In ka ga farin hayaƙi kuma man birki na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ka tuna da wannan, kuma motar ba ta hanya ba ce sai an gyara.

Wanda ke kashe inji shi ne fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga lagireto na neman ruwa kullum. Ruwa ne ke shiga silinda, ko gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage. A buɗe lagireto da safe, inji a sanyaye, a tayar: in kumfa na tasowa ba tsayawa, magana ta tabbata. A zaro geji: in mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da shi. Wannan motar ba a lallaɓa ta. Man da ya haɗu da ruwa ba ya kare metal, kuma in ruwa ya taru a kan fistan cikin dare, da safe kana murɗa makulli sandar fistan ta lanƙwashe, domin ruwa ba ya matsuwa. Muna roƙon masu kaya musamman: in direba ya kira ya ce ga halin da ake ciki, kada ka ce masa "daure ka iso". Kuɗin sauya kaya zuwa wata mota bai kai kuɗin inji ba. Kuma a riƙa gaya wa yara kada su buɗe murfin lagireto inji na tafasa, mun ga fuskokin da suka sale.

Maganar yoyo kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne a ga inda mai ke ɗiga a ce nan ne ciwon. Mai gangarowa yake, iskar tafiya kuma na tura shi baya, don haka na murfin sama ma a ƙarshe ƙarƙashin giya zai ɗiga. A wanke inji, a bari ya bushe, a yi 'yar tafiya, a bi sawun daga sama da tocila. Da dare a shimfiɗa kwali. Baƙi na inji ne. Mai kauri da wari mai hawa kai na giya ne ko na aksil. Ja na sitiyari ne ko giyar otomatik. Wanda ya jiƙa cikin taya na iya zama man birki, wannan ba a motsa mota da shi.

Yawancin yoyon da muke gani masu araha ne: gasket ɗin murfin sama, washar ƙusar juye da aka yi ta maimaitawa, suwicin fitilar mai, ko tsohuwar robar matatar mai da ta liƙe aka ɗora sabuwa a kanta. Mai tsada shi ne sil ɗin bayan kiransha, wanda ke ɗiga daidai mahaɗar inji da giya, domin sai an sauke giya, kuma in aka bar shi zai jiƙa kuloci ya fara sulɓi a kan tudu. Amma kafin a canza kowane sil a duba bututun numfashin inji. In ya toshe, matsi ne ke taruwa yana neman mafita, ka sa sabon sil yau ya fashe wata mai zuwa. Motocin da suka daɗe a ajiye ma haka. Bayan rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, motoci da yawa sun koma hanya suna yoyo ta ko'ina, saboda roba na bushewa in ta daina ganin mai.

Masu sayen tsohuwar mota, ku je ba tare da kun sanar da lokaci ba. Injin da ka tarar da ɗumi, an wanke shi fes, mai kuma ya yi kauri kamar zuma a kan geji, wataƙila an shirya maka shi ne. Akwai masu zuba man giya don hayaƙi ya lafa na kwana biyu.

Abin da kwamiti ke nema a amince da shi a wannan zama ƙarami ne. Kowace motar da ke lodi da sunan ƙungiya ta riƙe ɗan littafi a gaban mota, a rubuta ranar juye, da kowace lita ta mai da aka ƙara, da inda aka ƙara ta. Daga Maraɗi zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba. Ƙaramar motar da ke neman lita ɗaya a zuwa kawai, ta wuce a ce "tana ɗan shan mai". Sannan masu motoci su daina cire kuɗin ƙarin mai daga aljihun direba, domin direban da ya san za a zaftare masa ba zai rubuta ba, kuma ba zai faɗa ba. Sai magana ɗaya da muke so a rubuta a shafin farko na littafin: in jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji a wurin, ko da ana hango fitilun gari.

 Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a kasuwa.