Katakon Da Ba Ya Kashe Daji



Kowace ikkilisiya tana sayen katako. Da shi muke rufin majami'a, da shi kafinta yake yi mana benci da bagadi. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar daga wane daji ya fito?

Idan aka ce katako mai ɗorewa, ana nufin abubuwa uku. Na ɗaya, ba a sare fiye da abin da dajin zai iya mayarwa ba. Na biyu, an bar ƙananan itatuwa da masu ba da iri, an kuma dasa sababbi. Na uku, an sare da izinin hukuma, mutanen wurin kuma sun sami rabonsu. Domin wannan ne aka kafa ƙungiyar FSC a 1993, mai sa hatimi a kan katakon da ya cika sharuɗɗa.

Mun ga abin da ya sami madobiya, wadda ake kira madrid a Taraba. Itace ne mai jinkirin girma, ganyensa kuwa abincin dabbobi ne da rani. Aka shiga sararsa ba ji ba gani ana kai wa ƙasar Sin, inda ake kayan ɗaki masu tsada da shi. A 2017 yarjejeniyar CITES ta sa cinikinsa a ƙarƙashin tsaro, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. Kafin nan duwatsu da yawa sun zama ƙwal. Dillalai suka kwashe riba, manomi da makiyayi suka gaji zaizayar ƙasa.

Littafin Farawa 2:15 ya nuna an ba Adamu aiki biyu a gonar Adnin: noma da tsaro. Sare itace ba zunubi ba ne. Laifin shi ne mu cinye rabon jikokinmu.

Saboda haka ina roƙon dattawa da kwamitin gini: in kun je 'yan katako, ku tambayi asalinsa da takardar malamin daji. Kada araha ta ruɗe ku. Matasa da zumuntar mata kuma, ku dasa itatuwa a filin majami'a da damina, ku yi musu shinge saboda awaki, ku ba su ruwa da rani.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.