Masu Sharar Cikin Jiki: Aikin Farfesa Vojo Deretic da Tarin Fuka

  

Sarautar da ta cika shekara 100 ta ga yunwa, ta ga annoba. Cikin cututtukan da suka daɗe suna cin jama'a a ɓoye babu kamar tarin fuka. Tun 1882 Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar cutar, amma duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ya kashe mutum kimanin miliyan 1.25 a shekarar 2023.

Me ya sa ya gagara? Cikin huhu akwai wasu ƙwayoyin jiki masu aikin dogarai, suna haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita. Ita kuwa ta fuka, in an haɗiye ta sai ta hana a kai ta jakar narkarwa, ta yi zamanta a cikin dogarin tana hayayyafa.

Sai dai jiki yana da wata dabara ta daban. Kowace ƙwayar halitta tana tattara tarkacenta, ta naɗe shi, ta narkar, ta sake amfani da shi. Christian de Duve na Beljiyam ya raɗa wa wannan aiki suna otofaji a 1963, wato cin kai da Girkanci. Yoshinori Ohsumi na Japan ya gano tsarin gadon da ke tafiyar da shi a cikin yisti, aka ba shi kyautar Nobel a 2016.

A 2004 Farfesa Vojo Deretic na Jami'ar New Mexico a Amurka, tare da abokan aikinsa, suka wallafa bincike a mujallar Cell. Sun nuna cewa in aka tayar da wannan shara a cikin irin waɗannan dogarai, takan naɗe ƙwayar fuka har da maɓoyarta, ta halaka ta. A 2006 suka bayyana a mujallar Science cewa wani sinadarin gado na ɗan Adam, IRGM, yana da hannu a ciki. Daga nan masana suka fara kallon otofaji a matsayin garkuwar jiki, suka shiga neman magungunan da za su ƙarfafa majinyaci maimakon far wa ƙwayar cutar kaɗai.

A nan ne ake son jama'a su buɗe kunne. Gaskiya ne a ɗakin bincike hana ƙwayar halitta abinci yana tayar da otofaji. Wannan ya sa ake yaɗa wa a wayoyi cewa yunwa magani ce. Gwajin cikin kwalba daban, jikin manomi daban. Rashin abinci mai gina jiki yana cikin manyan abubuwan da ke buɗe wa fuka ƙofa. Mai fuka ya ci ya ƙoshi, ya sha maganinsa wata 6 cur: wata 2 na farko magani iri 4, wata 4 na baya iri 2. Wanda ya ji sauƙi ya bari, ya bai wa cutar damar bijire wa magani, ya kuma jefa iyalinsa cikin haɗari. Tarin da ya kai mako 2 a kai shi asibiti a auna majina.

Mai gari ya tambayi majinyacin unguwarsa, liman ya tuna wa masallata, uwa ta riƙe ɗanta da ƴarta a lakwal. Daga sunan da de Duve ya raɗa zuwa binciken Deretic shekara 41 ne. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ƴaƴan Baudeta ma, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan a Maraɗi tana jiran su.