Mutum-mutumi da Kabewa a Darasin Zane



Kowace shekara idan Oktoba ta kama, wasu daga cikinmu kan sauko da hotuna daga intanet, a buga wa 'yan aji ɗaya zuwa uku su shafa launi: kabewa mai ruwan lemo da aka yanka wa ido da baki, da mutum-mutumi sanye da malafa, ganyaye na zuba kewaye da shi. Wannan kakar Amurka ce, kabewar kuwa ta bikin Halowin ce na daren 31 ga Oktoba. Yaron Tofa zai shafa launin, amma idan muka ce ya ba mu labarin hoton, sai ya yi shiru.

Alhali da nasa. Kabewarsa tana yaɗo a kan danga, bayanta kore da ɗigo-ɗigo, cikinta ja, makomarta miyar taushe. (Asalin shukar ma daga nahiyar Amurka ta fito, amma tuni ta zama 'yar gida.) Mutum-mutuminsa sanda ce da tsohuwar riga, a gefe ga igiya an rataya mata gwangwanaye, ana girgizawa don korar jan-baki daga gero da dawa. Ba shi da fuska, wanda hakan ke kwantar da hankalin iyayen da ba sa son a zana surar mutum. Da yawa daga cikin ɗalibanmu su ne masu jan igiyar nan da sassafe, shi ya sa rajista ke ramewa a wannan zango. Yaron da ya makara saboda tsaron gona, idan darasi ya koma kan gona, shi ne gwanin aji.

Za a ce babu kayan launi. Gaskiya ne, aji mai cunkoso ba ya wadatuwa da kwali ɗaya na fensirin kala. Sai dai muna da gawayi, da jar ƙasa, da gangamau, da karan dafin da dukawa ke rina fata da shi, da baban da aka san marinar Ƙofar Mata da shi.

Takarda ce ba mu iya tonowa daga ƙasa. Don haka muke roƙon reshe ya rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB, a sanya takardar zane cikin kayan da ake raba wa makarantu, ta iso kafin a gama yankan dawa.