Shirun Jaridu Ma Labari Ne: Darasin Kambodiya da Timor



Son kai a labaran duniya yakan ɓuya cikin abin da aka ƙi faɗa. Shekarar 1975 ta isa misali a nahiyar Asiya.

A watan Afrilu, mayaƙan Khmer Rouge suka kama Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, suka shiga hallaka al'ummarsu. Jaridun Amurka da Turai sun yayata wannan ta'asa, kuma sun yi daidai. Amma ran 7 ga Disamba, sojojin Indonesiya suka mamaye Timor ta Gabas, kwana ɗaya bayan shugaba Ford na Amurka ya gana da Suharto a Jakarta. Cikin shekaru 24 na mamaya, fiye da mutum 100,000 suka mutu da harsashi da yunwa da cuta, manyan jaridun nan kuwa kusan duk suka yi gum. Dalili a fili yake: Khmer Rouge ƴan gurguzu ne, Suharto kuwa aminin ƙasashen Yamma ne a yaƙin cacar baka.

Sai a Nuwamba 1991, da ɗan jarida Max Stahl ya ɗauki hoton kisan gilla a maƙabartar Santa Cruz ta birnin Dili, sannan duniya ta waiwaya. Timor ta samu ƴancin kai a 2002.

Labaran Asiya galibi suna isowa Nijar ta hannun kamfanonin dillancin labarai irin su AFP da Reuters. Saboda haka wajibi ne mai karatu ya tambaya: wa ya aiko labarin, da wa gwamnatin ƙasarsa take ƙawance, kuma an ji ta bakin mutanen wurin ko kuwa?